Igiya a Bakin Ƙwarya

Tun ƙarfe shida na safe Delwyn Kerse ta san yau sai ta ɓata wa mutane rai. Ta fito daga masaukin kulob ta taka dusar ƙanƙarar da ke bakin ƙofa, maimakon ta ji ta ƙam kamar daɓe, sai ta ji ta ɗan lotsa. Iskar arewa maso yamma ce ta kwana tana busawa, iskar nan mai ɗumi da ke sa manoma ciwon kai da saurin fushi. Sanyin dare bai samu ya kama dusar ba sai ɗan ɓawon sama. Delwyn ta ja tsaki, ta koma ciki ta tashi Rawiri.

Su biyu ne kaɗai masu sintiri a Dutsen Tarrant, ita ce babba. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana wannan aiki, aikin kuwa ba wani abu ba ne illa ta san lokacin da dusar da ke kwance a gangare za ta saki ta zaftaro, ta janye mutane kafin lokacin ya yi. Kulob ne na zamiya a kan dusa da dogayen katakai a ƙafa, na manoman tumaki da iyalansu: masauki ɗaya na katako, da igiyoyin ja guda uku da tsohon injin tarakta ke juyawa, kowa ya maƙala ƙarfen ɗamararsa igiya ta haye da shi sama. Kowa ya san kowa, kuma nan ciwon aikin yake, don duk wanda za ka hana abu ya san ka tun kana rarrafe.

Ranar kuwa Lahadin rufe kakar zamiya ce, tsakiyar Oktoba, lokacin da sanyi ke ƙarewa a wannan ƙasa ta kudancin duniya, ranar Ƙwarya. Ƙwarya wani faffaɗan kwari ne a bayan tudun da igiya ta uku ke ƙarewa, yana fuskantar inda rana ke fitowa. Al'adar kulob ce tun kafin a haifi Delwyn, ranar rufewa kowa da kowa ya hau a tsaya a baki, mai algaitar jaka ya busa, mafi tsufa cikin masu iya zamiya ya shiga gaba shi kaɗai ya ja layin farko, sannan sauran su bi. Ba mai wuce ja-gaba, ba mai jerawa da shi. Shekara tara ke nan ja-gaban shi ne mahaifinta, Murdo Kerse, ɗan shekara saba'in da takwas. Sau arba'in da tara ya sauka Ƙwarya ranar rufewa, yau ce ta hamsin. Ita ce kuma ta ƙarshe, don likitan ido a garin Timaru ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye, zuwa sanyin baɗi ba zai ƙara ganin bakin katakon zamiyarsa ba.

Ƙarfe bakwai ta yi musu a bakin Ƙwarya, ita da Rawiri, sun haƙa rami da shebur har ƙasa. Ɓawon sama kaurin yatsu huɗu ne. Ƙarƙashinsa dusar ta jiƙe sharkaf, in ka damƙa sai ruwa ya biyo tsakanin yatsunka. Can ƙasa kuma akwai wani santsin ƙanƙara da ruwan saman watan Agusta ya bari, ruwan narkewa ya sauka ya kwanta a kansa.

"Kunu a kan faranti," in ji Rawiri, yana goge hannu a wando. "Ɓawon nan ne kawai ke riƙe da shi."

"Zai kai ƙarfe nawa?"

"Ke ce shugaba. Ni ɗan haƙa ne."

"Rawiri."

"Goma da rabi, in rana ta yi mana mutunci. Ban ga alamar tana da niyya ba kuwa."

"Goma da rabi," ta ce. Lissafinta ke nan ita ma, amma ta so ta ji daga wani bakin.

"Kin dai san sai ƙarfe ɗaya suke hawa, bayan sun cika ciki da miyar kabewa."

"Yau za su sha miyarsu daga baya."

Rawiri ya saɓa shebur yana murmushi, ya ce ta jira shi, ba ya so ya rasa ganin fuskar ciyaman ɗin kulob in ya ji labarin.

Ta same su a ɗakin cin abinci, mutum wajen sittin, ana ta soya ƙwai ana gasa burodi. Rabinsu har sun shiga kayan ban dariya na ranar rufewa, wani da rigar ulu ta kakansa da asu ya ci, wani ƙaton manomi da rigar auren matarsa wadda ta ƙi rufuwa a baya. Delwyn ta ɗauki ludayi ta buga tukunya sau uku.

"Ku saurara. Ƙwarya a buɗe take daga yanzu zuwa goma da rabi. Goma da rabi na yi zan ɗaure igiya a baki, ko wa ya rage. Mai son sauka ya kasance a kan igiyar ja ƙarfe tara da rabi."

Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Neville Pascoe, ciyaman ɗin kulob, ya ajiye kofin shayinsa. Tsohon mai gwanjon tumaki ne, ya yi ritaya daga sana'ar amma bakinsa bai yi ba.

"To fa, Hana-ruwa-gudu ta waye gari," ya ce, aka yi dariya. "Delwyn 'yata, shekara sittin ana sauka Ƙwarya ƙarfe ɗaya. Ba wanda ya taɓa ko ƙwarzanewa."

"Sa'a kuka yi ta ci, Ciyaman. Dusar ba ta daskare ba jiya."

"Bara ma haka kika ce, kika rufe mana gangaren kudu kwana uku. Me ya faɗo?"

"Ba abin da ya faɗo."

"To kin gani."

Wannan "to kin gani" ita ce ke ƙona mata rai fiye da zagi. In ta rufe gangare bai zaftare ba, a ce ta cika tsoro. In ya zaftare ba kowa a kai, a ce ai dama kowa ya san zai zaftare. Babu ranar da wani zai zo ya ce na gode da ban mutu ba jiya, don bai ma san ya kusa ba. Ta buɗe baki za ta mayar masa, sai mahaifinta ya yi magana daga ƙarshen tebur. Ya karkata kai gefe, yadda ya koma yi in yana son ganin mutum da gefen ido.

"Ku bar yarinya ta yi aikinta. Ta ce tara da rabi, tara da rabi ne."

Shi ke nan magana ta mutu, don ba mai musu da ja-gaba ranar Ƙwarya. Delwyn ta ji wani sanyi a ranta, har ta zauna ta ci ƙwai. Wauta ce ta yi, da ta ɗauka maganar ta ƙare.

Ƙarfe tara aka fito ɗaukar hoto a gaban masauki, don ba a hawa sai an ɗauki hoto. Aka jera, aka watse saboda wata ta shiga bayi, aka sake jerawa, aka ga babu Noeline mai dafa abinci, aka aika a kira ta, ta ce sai ta sauke tukunya. Tara da kwata aka nufi tarin duwatsun da ke bayan masauki, inda ake karanta sunayen 'yan kulob da suka riga mu gidan gaskiya. Suna arba'in da ɗaya ne, mai hankali zai karanta su cikin minti uku. Neville kuwa kowane suna sai ya ba shi labarinsa, wane ne ya ɗauko injin tarakta a kan doki, wance ce ta haihu a ɗakin shanya kaya. Delwyn tana tsaye a baya tana duba agogo, rana ta riga ta dafa mata ƙeya. Sunan mahaifiyarta na cikin jerin, shi ya sa ta kasa katse shi.

Da aka gama, tara da rabi ta gota da minti goma. Mutane suka fara ɗaura katakai, ta duba ba ta ga mahaifinta ba. Ta same shi a ɗakin takalma yana zaune a benci, ya shirya tsaf, sandunansa a kan cinya.

"Baba, tashi mu tafi."

"Dougal bai iso ba."

Dougal shi ne mai algaita, abokinsa tun suna samari, daga gonarsa yake tahowa da safiyar ranar saboda tumakinsa na haihuwa. Noeline ta leƙo ta ce ya bugo waya, rafin da ke ƙasan hanya ya cika, motarsa ta kasa ƙetarewa, yana jiran tarakta daga gonar maƙwabta.

"Ka ji ko?" in ji Delwyn. "Ka san abin da ya cika rafin? Dusar da za ka taka ce ta narke ta gangara. Rafin nan da kansa yake gaya maka ka yi sauri."

"Ban taɓa sauka ba busa ba."

"Akwai busar a wayar Noeline. Ni da kaina zan riƙe maka ita a baki."

"Waya," ya ce, kamar ta miƙa masa ruɓaɓɓen ƙwai. "Cikin wannan iska wa zai ji waya bayan taku ashirin?"

"To wa ya ce dole sai an ji? Sauka za ka yi ko rawa?"

Ya shafa kan sandarsa da babban yatsa, yana kallon wani wuri kusa da kafaɗarta.

"Baba, don Allah. Minti hamsin suka rage, hawan wannan taron kaɗai rabin awa ne. Kai ka ce a bar ni in yi aikina."

"Ai ban hana ki ba. Je ki yi."

Ta san wannan murya. Da ita ya ƙi sayar da gonar tudu, da ita ya ƙi zuwa asibiti shekara biyu. In ya shiga cikinta, ko tarakta ba ta fito da shi. Sauran mutanen kuma da suka ji ja-gaba na jira, sai suka kwance katakai suka zauna a rana, wani ma ya koma ya ɗora shayi. Ba wanda zai hau kafin shi. Delwyn ta tsaya a tsakiyarsu tana ji kamar ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya ta maƙala a igiya. Ta ce wa Rawiri ya tsaya a ƙasa da oba-oba, ita ta hau.

Goma da minti goma tana bakin Ƙwarya ita kaɗai. Ta cire katako ɗaya ta taka dusar da takalmi, ƙafar ta shiga zuwa idon sawu. Da sauran dama. Ta fito da jar igiya daga jaka, ta ɗaura kai ɗaya a turken hagu, ta riƙe ɗaya kan a hannu. Ƙwarya tana shimfiɗe a gabanta fara fat, ba sawun kowa, kyakkyawa kamar ba ta san komai ba. Amma can ƙarƙashin baƙaƙen duwatsun gefe, inda zafi ke fara taruwa, ƙananan dunƙule sun soma gangarowa suna naɗe dusa a jikinsu, kowanne ya bar siririn layi a bayansa.

Goma da ashirin ƙafar ta wuce idon sawu. Oba-oba ta yi ƙara, Rawiri ya ce Dougal ya ƙetare, yana kan hanya. Goma da rabi daidai ya sake kira.

"Del, lokaci ya yi."

"Na sani."

"Dougal ya iso. Yana canja wando, nasa ya jiƙe a rafi."

"Ka ce masa ya hau ba wandon."

"Del, goma da rabi fa."

"Na ji ka," ta ce, ta saki maɓallin.

Ba ta ɗaura igiyar ba. Ta gaya wa kanta iska ta ɗan juya, ta gaya wa kanta akwai girgije yana tahowa, alhali girgijen bai fi hular kwano ba kuma ba ta nan ya nufo ba. Ta taka, ƙafar ta shiga zuwa tsakiyar ƙwauri. A kowace rana, ga kowane mutum, wannan ya isa. Sha ɗaya saura ashirin ta hango su sun kama igiya ta farko, jere kamar tururuwa, mahaifinta a gaba. Sha ɗaya saura goma suna kan ta uku. Ta riƙa kallonsu tana kallon gangaren, tana jin haushin Dougal da wandonsa, da Neville da matattunsa, da tsohon nan mai taurin kai, da ita kanta fiye da kowa.

Sha ɗaya saura biyar ta sake takawa. Ɓawon ya fashe gaba ɗaya, ƙafar ta nutse har gwiwa, da ta zaro ta sai ramin ya fara tara ruwa. Mahaifinta ya saki igiyar ja, bai fi taku hamsin tsakaninsu ba, yana turo kansa da sanduna. Delwyn ta ja jar igiyar ta ƙetare bakin Ƙwarya, ta ɗaure ta a turken dama, ta rataya allon da ke cewa an rufe. Ta yi ƙullin sau biyu.

Murdo ya iso har igiyar ta taɓa cikinsa, ya tsaya. Ya kai hannu ya shafa ta. A bayansa mutane suka yi ta isowa suna haki, Dougal da algaitarsa a hammata, Neville da jar fuska.

"Haba Delwyn," in ji Neville. "Ga mu fa mun iso. Minti biyar ne kawai."

"An rufe, Ciyaman."

"To mu mun haƙura. Ki bar shi shi kaɗai, mutum ɗaya. Nauyin Murdo nawa yake, bai kai tunkiya biyu ba."

"Mutum ɗaya ya isa ya tayar da dusar. In ta tafi da shi, ni da Rawiri ne za mu shiga haƙa a ƙarƙashin abin da bai faɗo ba tukuna. Kai za ka shiga?"

"Ubanki ne fa," in ji wata daga baya. "Ta hamsin ce."

"Na san ko ta nawa ce."

Dougal ya matso, wandon aro ya tsaya masa a ƙwauri. "Laifina ne, 'yar Murdo. Ki huce a kaina, kar ki huce a kansa."

"Ba hucewa nake yi ba, Kawu Dougal. Taka ka ji."

Ba wanda ya taka. Mahaifinta ne ya sunkuya ta saman igiyar, ya juya sandarsa ya soka ta a dusar, ta shige har mariƙi ba tare da ya danna ba. Ya zaro ta, ya shafa jiƙar da yatsu. Igiyar iya ƙugu take, ɗan shekara biyar ma zai iya sunkuyawa ya wuce, kuma Delwyn ta san in ya sunkuya ba za ta iya kama mahaifinta da kokawa a gaban mutum sittin ba. Ya daɗe a tsaye, hannu ɗaya a kan igiyar, fuskarsa na fuskantar kwarin.

"Dougal," ya ce, "mayar da abarka jaka."

Ya juya. Suka sauka ta hanyar da aka daddale a gefen igiyar ja, hanyar da ake koya wa yara, Dougal a gaba, Murdo yana biye da jar rigar Dougal dab da dab. Sauran suka bi su ɗaya-ɗaya. Mai rigar aure ne ya wuce ta ƙarshe, ya dube ta ya girgiza kai, abin dariya da ban haushi a lokaci guda.

Ta zauna a bakin Ƙwarya har ƙarfe uku, wai tana gadin igiya. Gaskiyar magana jira take yi. Ta kama kanta tana roƙon gangaren a zuci, ka faɗo mana, ko rabinka ne, ka faɗo su ji ƙarar daga masauki. Kunya ta kama ta, amma ba ta daina ba. Rana ta yi ta duka, dunƙule suka yi ta gangarowa suna tsayawa a hanya, wani akun dutse ya sauko ya yage mata aljihun jaka ya tafi da burodinta. Ƙwarya ba ta motsa ba. Inuwa ta zo ta rufe ta tana nan yadda take da safe, sumul.

A masauki an sha miyar kabewa, an kwashe barguna, an rufe tagogi da katako. Ba wanda ya zage ta, da ma sun zage ta da ya fi. Gaisuwa suke amsa mata a gajarce, su ci gaba da naɗe kaya. Neville ne kaɗai ya kasa haƙuri, ya tsaya a bakin ƙofa da makullai a hannu, ya tambaye ta ko wani abu ya faɗo. Ta ce a'a. Ya ɗaga gira, ya buɗe baki, Noeline ta ce masa in ya furta abin da yake shirin furtawa za ta kife masa sauran miyar a ka.

Ƙarfe biyar ta ɗauki mahaifinta a mota, don tun bara aka karɓe masa lasin tuƙi. Suka gangara hanyar tsakuwa, katakansu na ƙara a baya. Da suka iso rafin, ruwan na nan a cike, launin shayi da madara, sai sun jira taraktan ya dawo ya ja su. Ta kashe mota. Ita ta fara magana.

"Awa ɗaya da rabi na ba ka, Baba. Awa ɗaya da rabi dusar nan tana ɗaukar mutum. Ka zauna a benci kana shafa sanda."

"Ke kuma kin makara da minti ashirin da biyar."

Ta juyo ta dube shi.

"Oba-obar kicin a kunne take," ya ce. "Na ji Rawiri ya kira ki goma da rabi, sau biyu. Na ɗauka in na hau zan tarar an daɗe da rufewa, sai na ji ƙarar ƙullinki ina taku hamsin. Da mun riga ki da minti biyar fa? Mutum sittin za ki zuba a kan wannan kunun?"

"Saboda kai na jira."

"Shi ne na ce kin yi laifi. Kin faɗi lokaci a gaban jama'a, ki tsaya a kansa. Ban haife ki don ki riƙa yi wa dutse ciniki ba."

Abin ya zo mata wuya. Duk yinin nan ana ganin ta yi tsanani, shi kuma yanzu yana cewa ta yi sakaci, kuma shi ne mai gaskiya, wannan ne ya fi ci mata rai. Ta bugi sitiyari da tafin hannu.

"To me ya sa ka sa ni a wannan hali? Mene ne a cikin busar Dougal? Shekara arba'in yana busa waƙa ɗaya, ita ma ba daidai ba. Ka ba da saukarka ta ƙarshe saboda al'ada?"

Ruwa na ta wucewa a gabansu da rassan itace.

"Ba al'ada ba ce," ya ce. "A cikin Ƙwarya ba na ganin komai, Del. Fari ne sama da ƙasa, ba itace, ba turke, ba bayan wani da zan bi tunda ni ne a gaba. Ba na sanin ina gangare ya nufa, wani lokaci ba na sanin tafiya nake ko a tsaye nake. Dougal yana tsayawa a baki daidai tsakiya. In busar na bayan ƙeyata, na san na miƙe. In ta koma kunnen hagu, na san na nufi duwatsu, sai in juya. Da kunne na sauka bara, da kunne na sauka bara waccan."

"Shekara biyu?"

"Dougal kaɗai ya sani. Shi ya sa ba ya tsayawa shan iska sai ya ga na kai ƙasa."

Bara Delwyn tana tsaye a baki, kusa da Dougal, tana kallon mahaifinta yana lanƙwasa a gangaren, har ta ce wa Rawiri dubi tsohon nan, ko saurayi albarka. Duwatsun hagu kuwa tsayinsu ya kai bene biyu.

"Da ka faɗa mini," ta ce. "Tun safe da ka faɗa mini. Da na sa Rawiri ya tsaya a baki da ƙahon tarakta yana dannawa. Da na shiga gabanka ina kiran sunanka, al'ada ta ci kanta. Ƙarfe tara da mun gama, da yanzu ka yi ta hamsin ɗinka."

Ya karkato kai, ya neme ta da gefen idonsa har ya same ta.

"Ki gaya mini gaskiya," ya ce. "Da na zo na ce miki ba na ganin gangaren, da kin bar ni na shiga?"

Ta buɗe baki za ta ce i. Kalmar na nan a kan harshenta, ba ta da nauyi, kuma ba abin da za ta ci mata yanzu da kaka ta riga ta rufe. Amma ta ga kanta a ɗakin takalma da safe, ta ji abin da za ta ce masa, ta san ko dusar ta daskare kamar ƙarfe da a gabansa za ta ɗaure igiyar nan, shi kaɗai, sauran su wuce.

"A'a," ta ce.

"To," in ji shi. Ya gyara zama, ya mayar da fuskarsa ga gilashin gaba.

Can ƙetaren rafi taraktan ya ɓullo yana tafe a hankali. Delwyn ta fita ta kwance sarƙar ja daga gaban mota, ta tsaya a bakin ruwa da ita a hannu, tana kuka tana jin haushi, ba ta ma san wanne ya fi yawa ba.